Wa Ke Kan Gaba a Gidajenmu? Tunani a Kan Kirsimeti da Zamanmu na Kullum



Kowace shekara, kafin a shiga makonnin jiran haihuwar Mai Ceto, Ikkilisiya takan rufe shekararta da Idin Kristi Sarki. A gare mu mutanen Dayosis na Zariya, wanda aka kafa a watan Disamba na 2000 bayan an cire shi daga Babban Dayosis na Kaduna, wannan idi yana da nauyi na musamman, domin babbar majami'armu da ke Sabon Gari wannan suna take ɗauke da shi. A ranar mukan bi Sakramen Mai Tsarki cikin jerin gwano, Zumuntar Mata cikin ankonsu, 'yan mawaƙa da gangunansu, yara da furanni, muna shaida a gaban kowa cewa muna da Sarki. Mako guda bayan haka sai Fada ya hau bagadi cikin tufafin shunayya, a shiga Lokacin Jira. Tambayar da muke so mu duba tare ita ce: wanda muka kira Sarki da babbar murya a ƙarshen Nuwamba, shi ne yake mulkin lokacinmu da aljihunmu da gidajenmu a cikin Disamba, da sauran watannin shekara?

Dalilin kafa wannan idi

Paparoma Piyus na 11 ne ya kafa Idin Kristi Sarki a shekara ta 1925. A lokacin, Turai ba ta daɗe da fita daga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba, a Rasha an kafa mulkin da ya ƙi Allah a fili, a Italiya kuma Musolini yana neman mutane su miƙa wa gwamnati ransu ɗungum. Paparoma ya ga cewa idan aka kori Kristi daga kasuwa da makaranta da majalisa, aka ce ya tsaya cikin majami'a kawai, to kujerar ba za ta zauna wofi ba, wani abu dabam zai haye ta. Da farko ana yin idin a Lahadin ƙarshe na watan Oktoba. A 1969 Paparoma Bulus na 6 ya mai da shi Lahadin ƙarshe na shekarar Ikkilisiya, dab da Lokacin Jira. Wannan jeri yana koya mana abu guda: kafin mu durƙusa a gaban jaririn da ke kwance cikin komin dabbobi, an riga an gaya mana ko wane ne shi. Sarki ne, kuma ba a ba sarki ragowar wuri bayan kowa ya zauna.

Me ake nufi da sa Allah a gaba?

A nan wani magidanci mai hankali zai iya tsayar da mu ya ce, "Fada, ni mutum ne mai iyali. Yarana suna jiran sababbin kaya, tsohuwata a ƙauye tana duban hanya, matata ta yi shekara tana wahala. Idan na sa Allah a gaba, sai in bar su ke nan su yi Kirsimeti da tsumma da tuwon jiya?" Tambaya ce ta gaskiya, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya.

Ikkilisiya ba ta taɓa koyar da cewa farin ciki zunubi ne ba. Ubangijinmu da kansa ya halarci bikin aure a Kana ta Galili, kuma a can ya yi al'ajibinsa na fari don kada masu gida su ji kunya (Yohanna 2:1-11). Shinkafa da kaza, sabon ɗinki, ziyarar dangi, duk kyautai ne daga hannun Allah. Waliyyi Agustin, Bishop na Hippo a ƙasar da ake kira Aljeriya a yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya yi dogon nazari a kan wannan batu. A fahimtarsa, yawancin ɓarnar ɗan Adam tana fitowa ne daga ƙaunar abubuwa masu kyau ba bisa jerinsu ba, wato a ɗauki na uku a mai da shi na ɗaya, a tura na ɗaya can baya. Nagarta kuwa ita ce ƙauna mai tsari, inda kowane abu yake samun rabonsa daidai matsayinsa.

Mu mutanen Sabon Gari bai kamata wannan ya yi mana wuyar ganewa ba, domin layin dogo ne ya haifi unguwarmu. Tun da jirgin ƙasa daga Baro zuwa Kano ya ratsa ta Zariya a 1911, kakanninmu suka yi ta zuwa daga kudu da tsakiyar ƙasar nan, wasu ma'aikatan reluwe, wasu akawuna, wasu 'yan kasuwa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasha ya san cewa kan jirgi ba ya gāba da taragu. Shi ne yake jan su, yake ba su hanya. Amma idan aka kwance kan, ko da taragun suna cike da gyaɗa da auduga, nan za su tsaya rana tana dukansu. Haka bangaskiya take ga aiki da iyali da dukiya da biki. Lokacin da Ubangiji ya umarce mu mu fara da neman mulkin Allah, a cikin magana ɗaya ya tabbatar mana cewa Uba ya san muna bukatar ci da sha da sutura (Matiyu 6:31-33). Saboda haka amsar da za mu ba wannan magidanci ita ce: saya wa yaranka kaya, je ka gai da tsohuwarka, amma ka duba da kyau wane ne yake jan jirgin.

Yadda ake gane na gaba

Baki ba ya nuna abin da mutum ya sa a gaba, domin kowannenmu zai ce Allah ne. Ana gane shi ne a ranar da abu biyu suka yi karo, dole ɗaya ya kauce wa ɗaya. Idan Misa ta Lahadi da cinikin safe suka haɗu, wanne ne yake jira? Idan gaskiya da riba suka haɗu a kan mudu ɗaya, wacce ake tauyewa? Wanda kullum shi ne yake kaucewa, shi ne na baya, ko da sunansa ne aka rubuta da manyan baƙaƙe a goshin shago ko a bayan mota.

Annabi Amos, tun ƙarni na takwas kafin haihuwar Kristi, ya yi wa irin waɗannan 'yan kasuwa faɗa. Suna kiyaye ranar hutu, amma zuciyarsu tana ƙagara ta wuce don su koma su rage mudu, su ƙara farashi, su sayar wa matalauta da ɓuntun hatsi (Amos 8:4-6). Mutanen nan ba su daina zuwa sujada ba. Sun dai raba ransu gida biyu ne, suka ba Allah rana ɗaya, suka ba riba shida. Ubangiji kuwa ya riga ya gargaɗe mu cewa bawa ɗaya ba zai iya yi wa iyayengiji biyu hidima ba (Matiyu 6:24).

Don haka sa bangaskiya a gaba abu ne na ranar Talata da Alhamis kafin ya zama na Lahadi. Mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari wadda take cika mudunta ga wanda ya sani da wanda bai sani ba, ta sa Kristi a gaba. Makaniken da ya gaya wa mai mota cewa tsohon ƙarfen zai ƙara shekara, alhali da ya yi shiru da ya sayar masa da sabo, shi ma haka. Ɗalibi a Samaru wanda ya gwammace ya sami ƙaramin maki da guminsa a kan ya shiga jarrabawa da takarda a ɓoye, ma'aikaciyar jinya da take kula da majinyacin da ba shi da kowa kamar yadda take kula da ɗan mai kuɗi, ma'aikacin ofis da ya sa hannu a takarda ba tare da jiran goro ba, dukansu suna yin wa'azin da ya fi na bagadi shiga zuciyar maƙwabci. Kuma kada mu ruɗi kanmu, wannan hanya tana da tsada. Akwai cinikin da zai wuce mu, akwai ƙarin girman da zai yi jinkiri. Abin da bai taɓa cin mana komai ba, da wuya a ce shi muka sa a gaba.

Gwajin watan Disamba

Babu watan da yake auna mu kamar Disamba. Da zarar hunturu ya sauko, hazo ya rufe gari, sai hankali ya tashi. Teloli suna kwana a kan keke, ana kwasar adashe, masu tafiya gida suna zarya zuwa Kwangila da sauran tashoshi suna tambayar kuɗin mota. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023, kowane mai gida ya san yadda kuɗin tafiya da na abinci suka yi nauyi. A cikin wannan hali ne jarabobin biki suke samun ƙofa.

Jaraba ta farko ita ce bashi don idon mutane. Mutum ya ci bashin da zai kai shi watan Afrilu yana biya, don kawai kada a ce gidan wane ya fi nasa, ko don 'yan ƙauye su ce ya yi arziki a birni. Ga Janairu nan tafe da kuɗin makaranta da na haya. Yaron da aka saya wa takalmi mai tsada a Disamba sai a koro shi daga aji a Janairu. Wa aka yi wa wannan biki? Ba Kristi ba ne, ba kuma yaron ba ne. An yi shi ne don bakin mutane, kuma bakin mutane ubangida ne wanda ba ya ƙoshi. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Iyalin Nazarat da kansu, da suka kai jaririn Haikali, hadayar matalauta suka miƙa, wato tsuntsaye biyu (Luka 2:24), ba su ci bashi don su sayi rago ba.

Jaraba ta biyu ita ce danne haƙƙin na ƙasa da mu. Telan da ya karɓi ɗinki ɗari alhali ya san sittin zai iya gamawa, yana ta cewa a dawo gobe, ya sayar da gaskiyarsa. Maigidan da ya riƙe albashin yaron shagonsa don ya cika kuɗin akuya, ya tuna cewa Wasiƙar Yaƙub ta ce ladan ma'aikaci da aka danne yana kai ƙara gaban Ubangiji (Yaƙub 5:4). Mu kuma tuna da 'yar aikin gida, wadda sau da yawa 'yar wani ɗan'uwa ce daga ƙauye. Ita ce take tashi tun asuba ranar Kirsimeti, ta hura wuta, ta fige kaji, kowa ya yi ado ya tafi Misa, ita tana gindin murhu. Idan shinkafarmu ce ta hana wata Kirista zuwa gaban Ubangijinta a ranar haihuwarsa, to shinkafar ce take kan gaba a wannan gida. Haka iyayenmu mata da yawa suke zama kamar Marta, hidima ta sha musu kai har ba su sami zama kusa da Baƙon ba (Luka 10:38-42). Laifin ba nasu kaɗai ba ne. Maza da samari suna da hannuwa, kuma ba a taɓa jin wanda ya mutu don ya ɗebo ruwa ko ya yanka albasa ba.

Jaraba ta uku ita ce maye. Ranar da ake murnar zuwan Mai ba da rai, a ranar ne wasu suke hawa babur ko su kama sitiyari cikin giya, su mai da gidan biki gidan makoki. Wasu kuma su dawo da dare su ɗaga wa matansu hannu. Babu yadda za a kira wannan murnar haihuwar Yesu.

Luka ya gaya mana cewa Maryamu ta kwantar da ɗanta a komin dabbobi domin ba su sami wuri a masauki ba (Luka 2:7). Bai ce mutanen Baitalami mugaye ne ba. Gari ne ya cika saboda ƙidaya, kowa yana fama da baƙinsa da lissafinsa. Ba a kori Mai Ceto da sanda ba, wuri ne kawai ya ƙare kafin a zo kansa. Wannan shi ne haɗarin da ya fi kusa da mu.

Abin da bom bai iya ƙwacewa ba

Akwai dalilin da ya sa wannan magana ta fi nauyi a kanmu. A watan Maris na 1987, rikicin da ya fara a Kafanchan ya iso Zariya, aka ƙone majami'u da yawa. Ranar Kirsimeti ta 2011 aka tayar da bom a majami'ar Waliyyiya Teresa da ke Madalla, mutane suna fitowa daga Misa. Ranar Lahadi 17 ga Yuni 2012, ɗan ƙunar baƙin wake ya kai hari a majami'armu ta Kristi Sarki a Sabon Gari, aka kuma kai wa majami'ar ECWA da ke Wusasa da wata a Kaduna a rana ɗaya. Mun binne 'yan'uwanmu. Duk da haka jama'a ba su daina zuwa ba. Aka sa shinge, aka riƙa binciken jaka a bakin ƙofa, iyaye suka ci gaba da riƙo hannun 'ya'yansu suna shigowa.

To, bari mu tambayi kanmu da natsuwa. Abin da muka ƙi saki a gaban wuta da bom, za mu miƙa shi da hannunmu saboda cinikin safiyar Lahadi, ko layin tela, ko gajiyar shagalin daren jiya? Maƙiyin da ya zo da ƙara, kowa yakan gan shi ya tashi tsaye. Wanda yake zuwa a hankali, yana ɗauke addu'ar safe yau, gobe ya ɗauke ta dare, jibi ya ɗauke Misa ɗaya, shi ne ba a ankara da shi sai gida ya zama kango. Ba banza ba ne Ikkilisiya ta sa tunawa da Waliyyi Istifanas, shahidi na fari, a ranar 26 ga Disamba, da na jariran Baitalami da Hirudus ya kashe a ranar 28. Tana tuna mana, tun kwanukan biki ba su bushe ba, cewa akwai waɗanda suka biya wannan bangaskiya da jininsu.

Istifanas ya kuma koya mana wani abu, domin ya mutu yana roƙa wa masu jifansa gafara (Ayyukan Manzanni 7:60). Bayan harin 2012 an yi ramuwar gayya a Kaduna, aka kashe mutanen da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Duk wanda ya zubar da jinin marar laifi da sunan kare Kristi, fushinsa ya sa a gaba, ba Kristi ba. A Sabon Gari da Samaru muna zaune gida ɗaya, layi ɗaya da Musulmi. Sukan aiko mana da naman layya, mu ma mukan aika musu da abincin Kirsimeti. Wannan kwanon da yaro yake tsallaka titi da shi yana daga cikin mafi kyawun al'adunmu, kada mu bari tsoro ko zargi su kashe shi. Shi ya sa yake da daɗi cewa ranar 1 ga Janairu, Idin Maryamu Uwar Allah, ita ce kuma Ranar Salama ta Duniya, wadda aka fara kiyayewa a 1968 bisa kiran Paparoma Bulus na 6.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ikkilisiya ta ba mu Lahadi huɗu na Jira don kada Kirsimeti ta same mu ba shiri. Ga waɗansu abubuwa da kowane gida zai iya yi, mai shi da marar shi.

Mu fara da zuwa furta zunubanmu tun da wuri, kada mu bari sai ranar 24 da yamma lokacin da layi ya kai bakin ƙofa. Wanda ya san yana riƙe da haƙƙin wani, ya mayar kafin ya zo. Wanda yake gāba da ɗan'uwansa tun rabon gado, ya ɗauki ƙafa ya je, domin zumunci a ƙafa yake.

Miji da mata su zauna su yi lissafin biki tare. A ware kuɗin makaranta na Janairu, a ware rabon Allah da na matalauci tun kuɗin suna cikakku, sa'an nan a yi biki da abin da ya saura. Rabon da aka ce sai an ga abin da ya rage, ba ya raguwa. Kowane gida ya nemi aƙalla mutum ɗaya wanda ba zai iya rama gayya ba, kamar yadda Ubangiji ya koyar (Luka 14:12-14): gwauruwa, ɗalibin da bai sami kuɗin mota zuwa gida ba, wanda rikici ya koro daga ƙauyensu, majinyaci a asibiti, ko ɗan kurkuku. A ba shi wurin zama, ba ragowar tukunya ba.

A tsara girki da tafiya yadda kowa a gidan, har da 'yar aiki da yaron shago, zai sami Misa. Masu tafiya gida su tambayi lokacin Misa a inda za su sauka kafin su tambayi lokacin taron ƙauye. Da dare kuma a kashe talabijin, a ajiye waya na minti goma, a karanta babi biyu na farkon Bisharar Luka kaɗan kaɗan, a yi addu'ar Rosari tare. Yara su haɗa ɗan komin dabbobi da kara da ciyawa da yumɓu a kusurwar ɗaki. Waliyyi Faransis na Asisi, da ya shirya irin wannan a ƙauyen Gireciyo na Italiya a 1223, ciyawa da sa da jaki ya nema, don mutane su ga da idonsu irin talaucin da Ɗan Allah ya zaɓa. Yaron da ya gina wannan da hannunsa zai daɗe yana tuna shi bayan takalmin bana ya tsufa.

A ƙarshe mu tuna cewa Lokacin Kirsimeti ba ya ƙarewa ranar 25, yana kaiwa har Idin Baftismar Ubangiji a watan Janairu, daga nan kuma a koma kasuwa da aji da ofis. A can ne za a san ko Sarkin da muka raka da ganga ya sami wuri a gidajenmu. 'Ya'yanmu suna kallo, kuma jerin da suka ga mun bi, shi za su bi, ko mun faɗa ko ba mu faɗa ba.

Bari Maryamu Uwarmu da Waliyyi Yusufu, waɗanda suka karɓi Mai Ceto cikin rashi amma da zuciya ɗaya, su yi roƙo dominmu. Allah ya kiyaye masu tafiya, ya ta'azantar da masu makoki, ya ba ƙasarmu salama, ya kuma sa mu ga Kirsimeti da sabuwar shekara lafiya. Amin.